Sega ta da da gem ɗin intanet na yau: a ina ake makara?

Ƙanena mai shagon caja a Agege, na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce ka sayi data mai yawa, ka auna gudun sabis ya nuna maka megabit 40, amma da ka shiga wasan ƙwallo ta intanet sai ɗan wasanka ya riƙa ba da fas bayan an riga an ƙwace ƙwallon. Ka kuma tambaya me ya sa Sega da muka buga muna yara ba ta taɓa yi mana wannan wulaƙancin ba, ko dai kayan da sun fi na yanzu inganci ne.

Ba inganci ba ne, nisa ne. A gidan gem ɗin da muke zuwa bayan makarantar allo, komai a ɗaki ɗaya yake: kaset a cikin Mega Drive, wato na'urar gem ta Sega, fad a hannunka da igiyarsa, talabijin mai ƙaton ƙeya a kan benci, abokin karawarka yana gefenka kana jin numfashinsa. Ka danna, saƙon ya bi igiya taku biyu, hoto na gaba ya fito da abin da ka yi. Talabijin ɗinmu na tsarin PAL ne, hoto 50 yake zanawa a daƙiƙa, wato kowane hoto milisakan 20 (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya). Abin da kake jira bai wuce hoto ɗaya ko biyu ba, shi ya sa hannu bai taɓa jin nauyi ba.

Yanzu kuwa idan ka danna fas a wayarka, ba wayar ce ke yanke hukunci ba. Saƙon zai tashi zuwa eriyar kamfanin layinka, ya ratsa na'urorinsu, sau da yawa ya shiga kebul ɗin ƙarƙashin teku, ya isa wata kwamfuta da ake kira saba, ita ta haɗa abin da ka danna da abin da abokin karawarka ya danna, sannan amsa ta dawo. Lambar nan mai "ms", wato milisakan, da kake gani a gefen allo, wadda 'yan gem ke kira fing, tsawon wannan zuwa da dawowa take aunawa. Haske a cikin faiba, wato zaren gilashin da ke ɗauke da saƙo a cikin kebul, yana yin kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Daga Legas zuwa Landan kilomita 5,000 ne a miƙe, zuwa da dawowa 10,000, milisakan 50 ke nan tun ba a tsaya ko'ina ba. Kebul kuma ba ya tafiya a miƙe, gaɓar teku yake bi: MainOne da ya fara aiki a 2010 kusan kilomita 7,000 ne zuwa Fotugal kaɗai. Shi ya sa ɗan Legas da aka haɗa da sabar Turai yakan ga lamba kusa da 100 ko sama, ko da sabis ɗinsa lafiya lau. A gem mai hoto 60 a daƙiƙa, milisakan 100 hoto shida ne. Mai buga wasa daga Faransa ya riga ka ganin ƙwallo da hoto huɗu ko biyar. Gem da yawa ba su da saba a Afirka ta Yamma, sai dai Turai, ko Gabas ta Tsakiya, ko Afirka ta Kudu, wadda ita ma ta haura kilomita 4,000 daga nan.

Megabit 40 ɗinka kuma wani abu daban yake aunawa. Tirelar da ta ɗauko tumatir daga Kano zuwa Mile 12 ta fi kowane babur ɗaukar kaya, amma in wasiƙa ɗaya za ka aika Ketu a dawo maka da amsa, girman tirela bai amfane ka da komai ba. Gem wasiƙu ƙanana yake aikawa, da yawa a kowace daƙiƙa, kuma so yake kowace ta isa a kan kari. Bidiyo shi ne tirela: waya tana tara na gaba ta ajiye, in hanya ta cije na daƙiƙa biyu ba za ka ma sani ba. Gem ba shi da abin tarawa, don abin da zai faru bai riga ya faru ba.

Abin da ya fi ɓata wasa ma ba girman lambar ba ne, rawarta ce. Fing 110 da ya tsaya cak hannu yana sabawa da shi, ka riƙa dannawa da wuri. Wanda ke tsalle daga 60 zuwa 300 ya dawo shi ne mai sa ɗan wasa ya sanƙare sannan ya bayyana a wani wuri kamar aljani. Wannan kusan kullum a kusa da gida ake haifarsa. Da ƙarfe tara na dare duk unguwa tana kan eriya ɗaya. In waifai ne, gida mai ɗakuna goma sha biyu kowa da rautarsa, wato na'urar da ke raba waifai, duk a kan zango ɗaya na 2.4 daga cikin zangunan waifai, suna ta tattaka juna. Ko kuma a rautarka wani yana ɗora bidiyo a TikTok, wasiƙunka su shiga layi a bayan kayansa. Ka ce a shago kake bugawa. In waya tana caji a cikin zafin nan, ga janareto a gefe, da ta ɗauki zafi za ta rage ƙarfin kanta don kada ta lalace, hoto ya fara yankewa. Wannan ba sabis ba ne ko kaɗan, kuma gane shi ba wuya: buga a wayar ba tare da intanet ba, kai da gem ɗin kaɗai, in har yanzu yana cijewa to wayar ce.

Kada kuma mu yi wa zamanin da ƙarya. Su ma suna da nasu ciwon. Tsohuwar Nintendo, Famicom ta 1983 da jabunta masu kaset rawaya da suka cika kasuwa, ba ta iya zana ƙananan hotuna fiye da takwas a layi ɗaya, shi ya sa a Contra in abokan gaba suka yi yawa sai su riƙa ƙyaftawa, wani lokaci gem ɗin gaba ɗaya ya koma tafiyar hawainiya. Sonic ɗin da muka sani a PAL ya fi na Amurka da Japan jinkiri da kusan kashi 17 cikin ɗari, har kiɗansa, mu dai ba mu da abin kwatantawa ne. Bambancin shi ne jinkirin zamanin da kullum a wuri ɗaya yake zuwa, kuma ku biyun yake kamawa tare, babu wanda aka cuta.

Bara na sayo tsohuwar Mega Drive a Alaba, na jona ta da talabijin ɗina mai faɗi, na sa Street Fighter II. Sai na ji hannuna kamar a cikin kunu. Na ɗauka tsufa ne ya kama ni. Ashe talabijin ɗin ne ke karɓar hoton, ya faɗaɗa shi, ya goge shi, ya yi masa kwalliya kafin ya nuna, wannan kuma yana cin hoto biyu ko fiye. Da na kunna Game Mode, saitin talabijin da ke rage wannan kwalliya, jinkirin ya ragu sosai. Daga baya na karɓo wani tsohon mai ƙeya inci 14 a wurin maƙwabcina mai gyaran rediyo, a ranar na gane hannun yana nan. Bindigar tsohon gem ɗin nan na harbin agwagi ma saboda haka ba ta aiki a talabijin na zamani, don da lokacin hasken allo take gane inda ka saita.

To ga abin da zan yi da ni ne kai. Kada ka ƙara ko kwabo a kan data tukuna. Ka duba lambar nan da asuba bayan salla, ka sake dubawa da tara na dare. In da asuba tana zaune da dare tana rawa, cunkoso ne: gwada wani layin a daidai wurin da kake zama, ko ka koma zangon 5 na waifai kusa da rauta. Mai PlayStation ko kwamfuta ya ja kebul daga rauta, mita goma a Computer Village ba za ta kai kuɗin datar wata ba. In gem ɗin yana bari a zaɓi yanki, gwada Turai da Afirka ta Kudu ka ga wadda ta fi ƙanƙanta a layinka, don hanyar kowane kamfani daban ce. In kuwa lambar tana zaune a wajen 100 safe da dare, teku ce, ba mai sayar maka da maganinta.

Ranar Lahadi bayan la'asar ina gida, mai ƙeyar yana jone. Ka taho da fad ɗinka in kana da mai maɓalli shida, nawa na biyun maɓallin C ya mutu.