Ofishin Dillalan Filaye a Tumfure: Hajarsu Sanayya Ce

Wata uku na yi ina zirga-zirga zuwa wani ofishin dillalan filaye da ke bakin titin Bauchi, a Tumfure da ke gefen garin Gombe, kafin na sayi fuloti biyu a gonakin da ake yankawa ta wajen hanyar filin jirgin sama na Lawanti. Ofishin kansa ba abin kallo ba ne: shago ɗaya, benci biyu, sai taswirar da rana ta koɗar. Jarin wurin yana cikin wayar shugabansu, wani dattijo da ya shiga harkar tun 1996, shekarar da aka ciri jihar Gombe daga Bauchi, ya kuma ga yadda zuwan ma'aikata, daga baya kuma masu gudun hijira daga Borno da Yobe, ya mayar da gonakin gero unguwanni.

Abin da na fi yaba musu shi ne haɗa mutum da mutane. A mako guda Alhaji, wato shugaban nasu, ya kai ni gaban dagaci, ya zaunar da ni da magadan gonar, ya kuma kira safiyon da ya auna ta, alhali da ni kaɗai ne da sai na shekara ban san ƙofar da zan yi sallama ba. Bayan la'asar kuwa bencin nan yakan zama majalisar masu saye su ajiye, inda ake raɗe-raɗin ta ina sabon titi zai bi, kuma a nan mutum huɗu ko biyar kan haɗa kuɗi su sayi gona ɗungurungum, su yanka ta fuloti-fuloti mai ƙafa 50 da 100, su jira gari ya iso.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. Da muka durƙusa gaban dagaci, Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ɗanmu ne, na san mahaifinsa." Bai taɓa ganin mahaifina ba. Na yi shiru saboda girmansa, amma tun daga ranar duk wanda ya gabatar mini da sunan amintacce sai na sake bincikarsa a gefe, kuma da haka na gano cewa ɗaya daga cikin magadan yana Kano, ba a nemi yardarsa ba.

Ta fuskar takardu ma sun yi sakaci, domin suna ɗaukar takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu tamkar ta wadatar, alhali dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, kuma takardar shaidar mallaka daga gwamnati take fitowa. Da ƙafata na je GOGIS, hukumar da ke kula da bayanan filaye a jihar Gombe, na tabbatar filin bai faɗa cikin shatar gwamnati ba. Fulotin farko da suka nuna mini kuma da rani ne, a bakin kwari, ga Gombe da zaizayar ƙasa.

La'ada sun karɓa daga gare ni, sun kuma karɓa daga magada, ba su faɗa mini ba sai ranar biya. Zan koma wurinsu idan ina neman wanda ya san mai gona, amma alƙalami ba zai sake fita daga aljihuna ba sai lauyana ya ga takardu.