Shekara uku da tsohuwar Mazda MX-5: abin da ta ci da abin da ta ba ni

Ranar da na je ɗauko ta, wanda ya sayar mini ya rantse cewa ba ta buƙatar komai sai mai da direba. Ban ƙaryata shi ba, ban kuma gaskata shi ba, domin motar da aka ƙera a 1992 ta wuce shekarun da za a yi mata irin wannan shaida. Mazda MX-5 ce ta zubin farko, ja, mai kujera biyu da rufin tampol, mai fitilun nan da ke kwance cikin bonet, sai an kunna su ɗago kai kamar kwaɗo. Yau shekara uku ke nan tana hannuna, kuma tun ranar farko nake rubuta duk abin da na kashe mata a wani ɗan littafi. Daga littafin nan zan yi magana, domin bakin mai son mota ba abin dogaro ba ne.

Mutane da sun gan ta, tambayarsu ta farko ita ce mai. Ai nan ne ma ba ta da laifi. Injinta ɗan ƙarami ne, lita 1.6, ƙarfin doki kamar 115, ita kanta kuma nauyinta bai wuce tan ɗaya ba. A lissafina tana shan kusan lita 8 a kilomita 100, ta ɗan ƙara idan na matsa mata. Tayoyinta masu inci 14 ne, birkinta ƙanana, baƙin mai kuma bai kai lita huɗu ba a juye ɗaya. Duk abin da ke ƙarewa saboda tafiya, nata mai sauƙi ne.

Kuɗin yana wani wuri dabam, kuma a mako na uku na gano shi. Ina tsaye a layin motoci sai na ga allurar zafi tana hawa. Da na kai ta gareji, bakanike ya buɗe bonet, ya ɗora yatsa a saman lagireto ya ce, "Malam, wannan roba baƙa ce aka haife ta. Ka ga ta koma ruwan ƙasa? To ta gama aiki, ranar fashewa kawai take jira." Muka canza lagireto. Da aka taɓa tiyon ruwa sai ɗaya ya tsage a hannunsa, muka canza su duka. Tunda an riga an buɗe gaba, ya ce a haɗa da bel ɗin taimin da famfon ruwa, saboda babu takardar da ta nuna yaushe aka taɓa su, alhali bel ɗin a kilomita 100,000 ake son a sauya shi. Daga nan sai kuloci ya fara nutsewa ƙasa, wata ƙaramar silinda ce ke yoyo. Sai ɗigon baƙin mai a bayan inji, ɗan zoben roba ne ya bushe. Sai zafi yana tasowa ta gindin giya yana gasa mini hannu, nan ma roba ce ta yage. Kafin shekarar farko ta ƙare na kashe kusan rabin kuɗin da na saye ta da shi.

Da na zauna na duba littafin sai na lura da abu ɗaya: kusan duk layin da na rubuta, roba ce. Ƙarfen inji bai taɓa neman komai ba. Roba kuwa ba ruwanta da ko an hau mota ko an ajiye, shekaru ne ke cin ta, shi ya sa ban ƙara ruɗuwa da tallan "ba ta yi tafiya da yawa ba". Motar da ta shekara goma a kulle tana iya fin wadda ake hawa kullum ciwo. Gaskiyar magana, bashin da masu ita na baya suka ƙi biya ne ya faɗo kaina, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Tsatsa ce kaɗai ta hana ni barci. A bayan kujeru akwai ƴan ramuka da ruwan rufi ke bi ya fita ta ƙasa. Nawa ganye da ƙura sun toshe su, wa ya san tun yaushe, ruwa ya riƙa kwana cikin ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa. Daga waje fenti lafiya lau, ɗan kumburi ne kawai gaban tayar baya. Mai walda ya soka sukundireba sai ta shige kamar cikin kwali. A motar da ba ta da rufin ƙarfe, wannan wurin shi ne ƙashin bayanta, don haka ba a yi masa kwaskwarima. Aka yanke, aka sa sabon ƙarfe, aka yi fenti, kuma aikin nan shi kaɗai ya fi duk abin da na kashe a inji. Laifina ne, ban durƙusa na leƙa ƙasa ba ranar saye, ina can ina wasa da fitilu. Yanzu duk wata sai na zura waya cikin ramukan nan.

Shekara ta biyu kuɗin ya sauko sosai: juyen mai, fulogi, bushin na ƙafafu, batir. Ta uku kusan sabis kawai. Wanda ke shirin saye ya sa wannan a ransa, ya ware kuɗin shekarar farko tun kafin ya yi ciniki.

Ya kuma san cewa ba duk tsofaffin motocin gudu ne ke da wannan sauƙin hali ba. Injin MX-5 daga gidan Mazda 323 ya fito, motar talakawa, kuma ko bel ɗin taimin ya tsinke fistin ba ya dukan bawul, tsayawa kawai za ka yi. A Porsche 944 in ya tsinke, inji ne ke shan kashi. Mazda RX-7 mai injin juyawa, wanda ba shi da fistin, kuwa da gangan aka yi ta tana ƙona baƙin mai, kuma ba kowane bakanike ne ke iya buɗe ta ba. Yawa ma yana taimako: an ƙera irin tawa fiye da 400,000 tsakanin 1989 da 1997, shi ya sa kayan gyara ba sa wahalar samu. A 2017 kamfanin Mazda ya buɗe shirin sabunta waɗannan tsofaffin a Japan, har ya koma ƙera wasu kayan da aka daina.

To me ya sa nake ci gaba da ciyar da ita? Ba don gudu ba. Tana ɗaukar kusan daƙiƙa 9 kafin ta kai gudun kilomita 100 a awa, motar kai yara makaranta ta yau ma sai ta bar ta a baya. Abin yana cikin yadda take amsa hannu. Giyarta biyar, sandar gajera, da wuyan hannu kawai ake sa ta, kana jin ƙarfe ya shiga ƙarfe. Inji a gaba, tayoyin baya ke turawa, nauyi ya rabu kusan daidai tsakanin gaba da baya. Ka shiga kwana, kafin ka gama niyya ta riga ta juya, sitiyari kuma yana gaya wa tafin hannunka abin da taya ke takawa, ko yashi ne ko kwalta mai santsi. Injiniyoyin da suka yi ta a Hiroshima ƙarƙashin Toshihiko Hirai suna da wata kalma da suka riƙe, jinba ittai, wato doki da mahayi su zama abu ɗaya. Da na fara jin wannan na ɗauka zaƙin bakin ƴan talla ne. Wanda ya taɓa hawan doki mai jin linzami zai gane abin da suke nufi a kwana ta biyu.

Kuma duk wannan daɗin a kilomita 60 ko 70 ake samun sa. Zaman ƙasa-ƙasa ne, rufi a buɗe, ƙarar salansa a kunne, sai ka rantse kana tashi sama alhali ko iyakar gudu ba ka kai ba. Na taɓa tuƙa wata sabuwa mai ƙarfin doki ninki uku na tawa. Kafin ta fara ba ni abin da nake nema na riga na shiga gudun da zai kai mutum kotu ko asibiti.

Fitilun nan ma suna da nasu aiki. Tun 1998 da aka fito da zubi na biyu aka cire su, kuma zuwa 2004 kusan an daina ƙera motoci masu irinsu. Yara kan tsaya bakin hanya suna yi mini alama da hannu in ɗaga, ni kuma ban taɓa ƙi ba.

Aibinta a fili yake. But ɗinta jaka biyu ke cika shi, batir ma a ciki yake zaune. Tawa ba ta da jakar iska, ba ta da birkin ABS mai hana taya kullewa, idan babbar mota ta jera da ni tayarta nake kallo. Doguwar tafiya tana gajiyar da kunne, dogon mutum kuma kansa zai riƙa gogar tampol. Mai iyali da mota ɗaya kada ya soma. Haka wanda ba shi da inuwar ajiye ta, ko wanda ɗigon mai a ƙasa ke tayar masa da hankali.

Watan jiya wani ya tare ni a gidan mai ya taya ta da abin da ya fi kuɗin da na saye ta. Na koma gida na haɗa lissafin littafin, na ga ko na karɓa ban fita ba, amma ba wannan ne ya sa na ƙi ba. Gilashin roba na baya ya fara dushewa, zif ɗinsa kuma yana cijewa, na riga na rubuta sabon tampol a shafi na gaba kafin ruwa ya sauko.