Garejin da ya gano abin da ke girgiza tsohuwar motata

Motar da nake hawa Toyota Corolla ce ƙirar 2005, mai sauya giya da kanta, wadda na saya a hannu shekaru shida da suka wuce, kuma ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba. Tun bayan damina ta soma wata girgiza da ta hana ni sakewa a tuƙi. Idan na hau titin Zariya na wuce Na'ibawa, da zarar allura ta doshi kilomita 90 sai sitiyari ya kama rawa a hannuna, har madubin tsakiya ya daina nuna mini abin da ke baya sosai. Idan kuma na tsaya a danja ƙafata tana kan birki, sai kujera ta riƙa karkarwa, makullan da ke rataye suna kaɗawa.

Kafin in isa garejin da nake magana a kansa na bi ta hannun mutum biyu. Na farko ya sauya fulogi huɗu, na biyu ya ce alaimen ne, wato daidaita saitin tayoyi, aka yi, na biya, girgiza tana nan daram. Wani abokin aikina ne ya yi mini kwatancen wannan wuri, a wani lungu da ke kusa da kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano.

Abin da ya fara burge ni shi ne, maigidan garejin bai taɓa sifana ba sai da ya gama yi mini tambayoyi. Ya ce: "Alhaji, yaushe take yi? A tsaye, ko a guje, ko sai ka taka birki, ko kuwa sai ka ba ta wuta?" Ya bayyana mini cewa kowace girgiza da lokacinta. Wadda ke zuwa da taka birki yawanci daga farantin birki take, wadda ke tasowa idan an taka totur ta lafa idan an ɗaga ƙafa takan nuna shaf, wato sandar da ke kai ƙarfin injin zuwa taya, ya ci, wadda kuma ke bin gudun mota ko an taka ko ba a taka ba, a taya da rim ake fara nemanta. Alaimen kuwa, in ji shi, maganin jan mota gefe ne da cin taya a ɓangare ɗaya, ba kasafai yake raba mota da rawa ba. Da an gaya mini haka tun farko, da ban kashe kuɗin da na kashe ba.

Daga nan ya karɓi makulli muka fita tare. A kan babban titi ya kai ta gudun da nake kuka da shi, ya ɗaga ƙafa daga totur, rawar sitiyari ba ta ragu ba. Ya taɓa birki a hankali, ba ta ƙaru ba. Da muka dawo ya jona na'urar bincike, ba ta nuna wani fulogi ko kwayil yana tsallake wuta ba. Sai ya ce mini matsala biyu ce, kuma babu abin da ya haɗa ɗaya da ɗaya.

Ta farko a idona aka gano ta. An ɗaga gaban motar da jak, ya juya tayar hagu da hannu, ya kafa ɗan guntun alli kusa da ita, sai ga wani tudu yana shafar allin a kowane zagaye. Wayar cikin tayar ce ta rabu da roba. Ya goge gefenta da tsumma ya nuna mini lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ke farawa da DOT, wato 1814, ma'ana an ƙera ta a mako na 18 na shekarar 2014. 'Yar gwanjo ce da na saya saboda zanenta bai cinye ba, alhali manyan kamfanonin taya suna ba da shawarar a ajiye duk wadda ta kai shekara 10 ko da tana da kyan gani. Taya irin ta wannan mota, mai lamba 195/65 R15, tana juyawa kusan sau 14 a daƙiƙa ɗaya idan ana gudun kilomita 100, saboda haka ɗan tudun da hannu ke ji da ƙyar ya isa ya jijjiga sitiyari. Tun ranar nake tuna yadda na ɗauki iyalina zuwa Zariya a kan wannan taya, kuma hankalina bai daina tashi ba.

Ta biyu ita ce mazaunin injin, abin da makanikai ke kira injin sit. Ya buɗe bonet, ya sa yaronsa ya ja birkin hannu ya danne na ƙafa, sannan ya riƙa sauya giya tsakanin gaba da baya. Injin ya riƙa zabura fiye da ƙima. Mazaunin da ke gefen dama, wanda asalinsa akwai ruwa a cikinsa don shanye karkarwa, ya fashe, ruwan ya zubo ya bushe ya bar baƙin tabo. Ya gargaɗe ni cewa akwai sababbi masu araha waɗanda roba ce zalla, kuma sukan bar mota da karkarwa ko bayan an ɗaura su, don haka ya haɗa ni da yaro muka shiga kasuwa muka zaɓo na asali. Bai nemi ya sauya sauran ukun ba, domin ya duba ya ga ba su lalace ba tukuna. Tsohon da aka cire ya sa a leda ya miƙo mini.

Wurin yana da nasa naƙasu, kuma wajibi ne in faɗa. Ba su da na'urar balansin, sai da na kai sababbin tayoyi biyu wani shago aka liƙa musu dalma, na dawo. Na isa da ƙarfe tara na safe, ba a waiwayi motata ba sai dab da azahar, kuma babu wurin zama sai benci ɗaya a gindin darbejiya. Ba sa ba da rasit, kuma ana biyan kuɗin bincike daban ko da mutum bai tsaya gyara ba, kodayake wannan ni ban ga laifinsa ba. Akwai kuma yaron da ya zura bututu a sifana zai hau da ƙafa ya ɗaure notin taya. Maigidan ya tsawata masa, ya ɗauko sifanar awo ya ɗaure su a kan ma'aunin ƙarfin ɗauri Nm 103 yadda Toyota ta ƙayyade, amma da ba ya kusa da an wuce da shi haka.

Makonni uku ke nan da gyaran. Na je Zariya na dawo, sitiyari bai motsa ba har a kilomita 110, a danja kuma sai na dubi allura kafin in tabbatar injin yana aiki. Kafin in bar garejin ya haska mini robar shaf ta ciki da tocila, ya nuna ta fara tsagewa amma giris bai fita ba tukuna, ya ce kada in bari yashi ya shiga. Na riga na sayi robar, ranar Asabar da sassafe zan mayar masa da motar.