Hitar ruwa mai amfani da zafin rana: mai kwalabe ko mai faranti?

Da yawa idan an ce sola, hankalinsu kan tafi kan farantin da ke ba da wutar lantarki. Hitar rana daban ce: zafin ranar take kamawa kai tsaye ta zuba shi cikin ruwa, babu batir, babu inbata. A nan ribarta take. Farantin lantarki kusan kashi 20 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa yake mayarwa wuta, ita kuwa hita mai kyau tana kama kusan rabi.

Lita 200 na ruwa, a ɗaga shi daga digiri 25 zuwa 60, yana cin yunit 8 na wuta. A Kano ko Sakkwato ko Zinder, kowane murabba'in mita yana samun zafin rana da ya kai yunit 6 a wuni, don haka hita mai faɗin murabba'in mita 3 ta isa. Da farantin lantarki za a yi wannan aiki, sai an jera huɗu masu wat 500. Wanda ya riga ya mallaki babbar sola da rarar wuta da tsakar rana, hitar lantarki kawai zai saya ya jona. Sauran jama'a, zaɓinsu tsakanin biyu ne.

Mai kwalabe ita ta cika kasuwa, mafi yawa daga China, kuma ta fi araha. Kowace kwalba gilashi biyu ce, ɗaya cikin ɗaya, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu kamar fulas ɗin shayi, shi ya sa ko a sanyin hunturu ba ta zubar da zafi. Kwalba mai tsawon mita 1.8 tana ɗaukar nauyin kusan lita 10, wato tankin lita 200 yana zuwa da kwalabe 20. Idan ka ga kwalabe 15 a jikin tankin lita 200, an yi maka ƙwange. Matsalarta: a samfurin mai araha, ruwan cikin kwalaben yake shiga, kwalba ɗaya ta fashe tankin duka ya tsiyaye. Abin da ya fi fasa su kuma ba jifan yara ba ne. Ruwa ne zai ƙare a tankin sama, kwalaben su wuni a rana babu komai har su haura digiri 200, sai a tayar da injin bohol da azahar, ruwan sanyi ya faɗa ciki. Nan take za ka ji ƙas. Idan ta bushe, a bari sai da asuba a cika. Tankinta kuma ba ya jure matsin famfo. Ɗan bututun numfashi da ke samansa kada mai gyara ya toshe shi don yana ɗiga, tankin zai kumbura ko ya lotsa.

Mai faranti akwati ne shimfiɗaɗɗe, gilashi mai kauri a sama, bututun jan ƙarfe a manne da baƙin faranti a ciki. Ta fi tsada, ta fi nauyi, amma tana jure matsin ruwa, shawa ta zubo da ƙarfi, kuma ƙanƙarar da kan sauka a Jos ba ta cika yi mata illa ba. A ƙasa mai zafi irin tamu, fifikon da kwalabe ke da shi na riƙe zafi bai taka kara ya karya ba. Otal, asibiti da makarantar kwana, wannan ta fi dacewa da su.

Sai dai kafin ka yanke, leƙa gindin butar da ake dafa ruwa a gidan. Idan farin abu ya daskare a ciki kamar alli, ruwanku mai nauyi ne, kuma da zarar ya wuce digiri 60 haka zai riƙa daskarewa a cikin hita. Siraran bututun mai faranti sukan toshe cikin 'yan shekaru. Maganinsa samfuri mai zagaye biyu, inda ruwan da ke yawo a faranti daban, na wanka daban. Kwalabe kuwa bakinsu da faɗi, ana zare su a wanke da ruwan tsami.

Tanki shi ke fara mutuwa, ba gilashi ba. Tambayi lambar ƙarfen cikinsa: 304 ake so, 201 yakan yi tsatsa a wajen walda. Idan mai rufin tangaran ne, akwai sandar magnesiyam a ciki da ke cinyewa a madadin tankin, a duba ta duk shekara. Soson da ke riƙe zafi kada ya gaza milimita 50, in ba haka ba ruwan da ya yi zafi da la'asar zai wayi gari salaf, alhali da asuba aka fi bukatarsa.

Girman fa? Bokitin wanka na lita 20 a hunturu yana bukatar kusan lita 9 na ruwa mai digiri 60, a sirka da na sanyi. Gidan mutum goma masu wanka da bokiti, lita 150 zuwa 200 ta wadatar, da ɗan rara ga maijego. Masu shawa su lissafa lita 40 ga kowane mutum.

Wajen kafawa, ta fuskanci kudu, a jingine ta digiri 15 zuwa 20, don a watannin sanyi rana ta kudu take karkata. Cikakkiyar hitar lita 200 tana kai kilo 300. Rufin kwano mai katakon tu-bai-tu ba zai ɗauka ba, sai dakin ko gadon ƙarfe. Tankin ruwan gida dole ya kasance sama da ita. Bututun roba na ruwan sanyi yana laushi da zafi, a sa PPR, wato robar da ke jure zafi, ko jan ƙarfe, a naɗe shi. A gida mai yara a ƙara bawul mai sirka ruwa, domin digiri 60 yana sale fata cikin daƙiƙu kaɗan, mai kwalabe kuma a watan Afrilu har tafasa take. Lokacin hazo a share ƙura duk mako, da sassafe.

Abin ba baƙo ba ne a yankinmu. Cibiyar makamashin rana ta ONERSOL da ke Yamai, ƙarƙashin Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, ta ƙera irin waɗannan hitoci tun shekarun 1970, haka Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta daɗe tana gwada su. Abin da ya hana su bazuwa kuɗin farko ne, kuma a nan manufar gwamnati ke tasiri. Isra'ila ta wajabta su a sababbin gidaje tun 1980. Kenya ta gwada tilas a 2012 kan gine-ginen da ke amfani da fiye da lita 100 a rana, majalisa ta soke dokar a 2018. Tunusiya ce ta bi hanyar da ta fi kama da bukatarmu: daga 2005 ana ba da tallafi da bashin banki, mai gida ya riƙa biya a hankali cikin takardar kuɗin wuta, kuma sai kamfanin da aka tantance ke kafawa. Inda babu irin wannan tantancewa, mai saye shi zai yi wa kansa: a rubuta garantin tanki a rasit, a haɗo da kwalabe biyu na ajiya da robobin bakinsu tun ranar ciniki.