Honeyland: fim ɗin matar da ke raba zuma da ƙudanta

Sau biyu na kalli Honeyland cikin mako guda. Na farko a waya da daddare, na biyu a kwamfuta tare da ƙanwata, don na lura wayar ta tauye wa fim ɗin haƙƙinsa, ta matse duwatsun nan ta mai da su ƙanana. Labari ne na gaske, ba shiryawa aka yi ba, daga ƙasar Masedoniya ta Arewa a yankin Balkan. Tamara Kotevska da Ljubomir Stefanov ne suka fitar da shi a 2019, bayan sun shafe shekara uku suna ɗauka.

Fim ɗin labarin Hatidze Muratova ne, mace 'yar asalin Turkawa, wadda a lokacin ɗaukarsa ta ba hamsin baya, tana zaune a Bekirlija, ƙauyen da ya zama kufai. Ba lantarki, ba famfo. Daga ita sai mahaifiyarta Nazife, tsohuwa da ke kwance, ido ya kusa tafiya. Fim ɗin ya buɗe da ita tana bin wata siririyar hanya a gefen dutse, inda ƙafa na zamewa shi ke nan. Ta cire wani falalen dutse, sai ga saƙar zuma jere a cikin kogo. Da hannunta ta ɗebo, ƙudan na yawo a kan yatsunta, ita ko a jikinta. Ƙa'idarta guda ce: rabi nata, rabi na ƙudan. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake kai wa amya wuta da daddare a ƙauyukanmu, a kwashe komai, zai san nauyin wannan magana.

Sai maƙwabta suka sauka, Hussein Sam da matarsa da 'ya'ya bakwai da garken shanu. Hatidze ta yi murna da su, ta ja yaran a jiki, ta koya wa Hussein kiwon zuma ba tare da ɓoye komai ba, ta kuma ja masa kunne ya riƙa barin rabi. Wani ɗan kasuwa ya matsa masa lamba, shi kuma ya kwashe duka. Ƙudansa da yunwa ta kama suka far wa nata suka hallaka su.

Nan ne fim ɗin ya shiga raina. Na so in tsani Hussein, abin ya gagara. An nuna shi yana lissafin kuɗi da bakunan da ke jiran abinci, ƙudan sun kumbura wa yaransa fuska, maruƙansa na mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Laifinsa a fili yake, amma talauci ne ke tura shi, kuma masu fim ɗin ba su sa wani ya fito ya yi mana wa'azi ba. Babu mai ba da labari, babu hira da kowa. Ƙanwata ta yi ta cewa, "Yaya, anya ba shirya wannan aka yi ba?"

Abin da ban ji daɗinsa ba kaɗan ne. Farkon yana tafiyar hawainiya, mai gaggawa zai iya kashewa. Da wani tsohon karin Turkanci ake magana, dole ido ya zauna kan fassarar ƙasa, kuma a waya rubutun ya yi ƙanƙanta. Akwai zage-zage a gidan Hussein, don haka ba na ƙananan yara ba ne.

A 2020 an sa shi takarar Oscar a rukuni biyu, na fim ɗin gaske da na fim ɗin ƙasashen waje, abin da ba a taɓa yi wa wani fim ba kafinsa. Ni dai ba wannan ne ya tsaya min ba. Ɗakin nan mai duhu ne, Hatidze ta dawo daga kasuwar Skopje, babban birnin ƙasar, da ayaba, tana lallashin tsohuwa ta ci kamar ƙaramar yarinya, tana ɗaga murya don kunnen ya yi nauyi. A nan na dakatar da fim ɗin, na kira Inna a waya.