Haɗin waya ya kusa ƙona mani gida, sai da na koma MC4 na samu barci

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina son in rubuta wanga bayani tun da anka gyara mani solar gidana, don kullum in an zauna majalisa ana hirar sola zancen bai wuce fanel nawa gare ka, batirinka na ruwa ne ko litiyom, inbata mai ƙarfin nawa ka saya, amma ban taɓa jin wani ya tambayi yadda anka haɗa wayoyin ba. Ni kuwa daga nan wahalata ta fito, kuma wallahi saura kaɗan ta zama gobara.

Gidana na nan wajen Mabera, cikin garin Sakkwato. Farkon 2023 na sa sola, fanel 4 masu wat 400, an jera biyu-biyu sannan anka gama layin biyu wuri guda, sai batir 2 masu 200Ah da ke ba da bolt 24, da kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir daga fanel (irin wadda ake ce ma MPPT), da inbata mai mayar da wutar batir irin wutar gari. Babban dalilin sa ta shi ne firizar mai ɗakina, tana sai da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, kuma duk wanda ya san Sakkwato daga Maris zuwa Mayu ya san ƙanƙara ba ƙaramar sana'a ba ce, zafi na haura digiri 40 da rana. Wanda ya yi mani aikin farko ba zan ambace shi ba, ina ganin iya abin da ya koya ke nan. Kan fanel ɗin akwai 'yan kawuna na baƙar roba da kamfani ya sa a bakin wayoyi don haɗa su, su ne MC4, shi sai ya datse su da filaya ya zubar, ya feƙe wayar, ya murɗa ta da wayar gida mai lambar kauri 2.5 irin wadda ake ja ma fanka, ya naɗe da baƙin salatif ya aje bisa kwano. Ina tsaye ƙasa ina kallo, na ɗauka haka ake yi.

Wata shida na farko lafiya lau. Bayan damina ta wuce hunturu ya shigo sai muka fara ganin batir bai cika, da can kafin azahar ya cika, yanzu har la'asar bai kai ba. Na ce ƙura ce, na riƙa sa yara suna wanke fanel duk bayan kwana uku, ya ɗan gyaru amma bai koma yadda yake ba. Na kira mutumin, ko hawa sama bai yi ba ya ce Alhaji batir ne ya gaji, a sayi sabo. Har na fara tara kuɗin. Sai cikin azumin 2024, wanda ya faɗo Maris zuwa Afrilu tsakiyar zafi, wata rana da azahar mai ɗakina ta ce mani Malam ina jin ƙaurin roba daga sama. Na hau tsani na leƙa, salatif ɗin ya narke ya zama kamar kwalta, gam ɗinshi ya saki, ƙura ta cika ciki, jan ƙarfen ya koma kore da baƙi, kuma kwanon da ke ƙarƙashin wurin ya yi tabon ƙuna. Ƙarƙashin kwanon nan katako ne da silin, ɗakin da yarana ke kwana. Har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Maƙwabcina mai gyaran rediyo ne, mutumin kirki, shi ya kawo mani ɗauki ranar. Ya yanke wurin da ya ƙone ya narka dalma ya like wayoyin da kyau, kuma gaskiya cajin ya dawo nan take, a ranar na gane batirina lafiyarshi ƙalau. To amma dalma in ta narke tana bin cikin siraran gashin wayar ta sandarar da ita, wurin ya zama kamar ƙusa, sauran wayar kuma tana lanƙwasa. Da iskar farkon damina ta zo, irin wadda ke ɗauke kwanon mutane, wayar ta yi ta kaɗawa har ta karye daidai inda dalmar ta tsaya. Cikin rediyo inda babu motsi dalma ba ta da na biyu, bisa rufi kuwa ba wurinta ba ne.

Watan Oktoba na 2024 wani abokina ya haɗa ni da wani matashi da ya koyi aikin sola sosai. Shi da ya zo bai ce komai ba sai da ya hau sama ya duba ya sauko, ya ce Baba wayar nan duka sai an canza, ba haɗin kaɗai ba. Shi ya gaya mani sunan 'yan kawunan nan da anka zubar, MC4. Asali wani kamfanin ƙasar Suwizalan mai suna Multi-Contact ya ƙirƙiro su, yanzu sunan kamfanin Stäubli, kuma 4 ɗin na nufin kaurin ƙarfen da ke ciki, milimita 4. Namiji da mace ne, in ka tura ɗaya cikin ɗaya sai ka ji ƙas ya kulle, akwai zoben roba ciki da ke hana ruwa da ƙura shiga, bayanshi kuma akwai murfi mai zare da ke shaƙe wayar.

Abin da ya fi burge ni shi ne bayanin da ya yi mani kan dalilin ƙunar. Ya ce duk haɗin da bai matsu ba yana tare wuta, wutar da anka tare kuma zafi take komawa, kuma zafin ba ya ƙaruwa daidai da yawan wutar, ninkawa yake, in amfiya, wato yawan wutar da ke bin waya, ta ninka biyu zafin ninki huɗu ne. Ya lissafa mani a ƙasa da tsinke, kowane layi nawa na ba da wajen amfiya 10, in sunka haɗu 20 ke nan, to in haɗin ya lalace har tarewar da yake yi ma wuta ta kai om 0.05 kacal (om shi ne ma'aunin tare wuta), 20 sau 20 sau 0.05 wat 20 ne ke ƙonewa a wuri da bai kai ɗan yatsa ba, tun safe har yamma, ga kuma zafin kwano. Sannan ya ce wutar fanel ba irin wutar gari ba ce. Wutar gari tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, wato tana faɗawa sifili sau 100, shi ya sa in ta yi tartsatsi yakan mutu da kanshi. Wutar fanel hanya guda take bi ba ta tsayawa, in tartsatsi ya kama tsakanin wayoyi biyu sai ya tsaya yana ci kamar na mai walda muddin akwai rana. Ni dai tun ranar na daina raina wutar sola.

Tare munka je kasuwa sayen kaya, nan ma na sha karatu. Wayar sola ta gaske riga biyu gare ta, an yi robarta don ta jure rana, kuma gashinta fari ne a waje don an shafe shi da kuza, in ka kankare da wuƙa sai jan ƙarfe ya fito. Ta jabu akasin haka take, ja a waje, in ka kankare sai ka ga fari, alminiyam ne anka yi ma fenti da jan ƙarfe, ga ta ba nauyi, kuma tana saurin karyewa in an matse ta. A gabana ya kankare wata da mai shago ke rantsuwa a kanta, sai ga fari fes. Munka sayi mai lambar kauri 6 don babban layin da ke saukowa ƙasa, ja da baƙa don kar a rikice. Jikin mai kyau za ka ga an buga PV1-F ko H1Z2Z2-K, ko da yake rubutu kowa na iya bugawa, wuƙar nan ita ce shaida.

Sirrin MC4 duk yana wajen matsewa. Akwai filaya ta musamman, masu aikin na ce mata kirimfa, tana da haƙora masu lamba daidai kaurin waya, kuma ba ta buɗewa sai ta matse har ƙarshe. Tana naɗe kunnuwan ƙarfen su shige cikin gashin wayar su zama abu guda ba iska tsakani. Kowane ɗaya in ya matse sai ya miƙo mani ya ce Baba ja da ƙarfinka, in ja, ko motsi. Ya gwada mani ɗaya da filayar gida don in ga bambanci, ja ɗaya na yi wayar ta zare. Saboda haka duk wanda ya zo maka da MC4 amma babu kirimfa a jakarshi, bai bambanta da mai salatif ba sai dai kyan gani.

Ƙasa ma ya gyara. Wajen batir inda wuta ta fi yawa, don in inbata na jan wat 1500 daga bolt 24 ya haura amfiya 60, ya sa waya mai kauri da kawunan jan ƙarfe masu huda, ya matse da babbar kirimfa, ya zura robar nan da ke tsukewa in an hura mata zafi, mai gam a ciki. Da can gashin waya kawai anka naɗa jikin noti. Bakin kwantirola kuma ya sa ma wayoyin 'yan hulunan ƙarfe kafin ya ɗaure sukuru, ya kuma sa bireka ta wutar sola tsakanin fanel da kwantirola.

Yanzu an ci zafi guda da damina guda bisa wanga aiki, batir na cika kafin azahar, firiza na aiki, kuma na sha hawa da tsakar rana in taɓa kawunan, zafinsu bai wuce na wayar da ke gefensu ba. Amma ba zan ce ba su da aibi ba. Jabunsu sun cika kasuwa kuma da ido da wuya ka bambance, guda biyu cikin waɗanda munka saya zaren murfinsu ya zame tun wajen ɗaurewa, munka zubar. Sannan ba a son a gama namijin wani kamfani da macen wani kamfani, ko sun shiga sun yi ƙas ƙarfen ciki ba lalle ya kama daidai ba, shi ya sa yaron ya nace dukkansu su zama iri guda, wanda hakan ya ƙara mani kuɗi. Buɗe su ma sai da ɗan makullinsu na roba, in ka sa sukudireba haƙorin ya karye. Kirimfar kuma tana da ɗan tsada ga wanda sau ɗaya zai yi amfani da ita, gara ka nemi mai aikin da ke da ita. Duk da haka kuɗin waya da kawuna da ladan aiki gaba ɗaya bai kai ko kusa da kuɗin batir guda da na so saye ba gaira ba dalili.

Abu biyu ya ja mani kunne a kai kafin ya tafi. Kar a taɓa zare MC4 da rana alhali wuta na gudana, a fara kashe bireka. Kuma in za a cire batir a fara raba fanel da kwantirola, in za a mayar kuma batir ake fara haɗawa. Wayoyin duka ya ɗaga su daga kan kwano ya ɗaure jikin ƙarfen da ke ƙarƙashin fanel inda inuwa take, don kar su kwanta cikin ruwa ko su gasu. 'Yan igiyoyin roba farare da munka fara ɗaurewa da su rana ta cinye su cikin wata kaɗan suna karyewa kamar taliya, na canza da baƙaƙe, su sun fi jurewa. Kafin zafin bana ya kama zan kira shi ya sake bin notocin batir da sukurorin kwantirola ya ƙara matse su, don ya ce zafi da sanyi na sa su saki a hankali.