Daga Aberdeen zuwa Shetland: awa guda a sama, kwana guda a ruwa

'Yan uwa, kuna yawan tambayata yadda sufuri yake a nan Sikotilan. Bari in ba ku labarin hanyar da aiki ke yawan bi da ni, daga Aberdeen zuwa tsibiran Shetland, can ƙuryar arewa.

Tsakanin filin jirgin Aberdeen da na Sumburgh, wato babban filin jirgin Shetland, kusan kilomita 300 ne, yawanci a kan teku. Ƙaramin jirgi mai farfela kan cinye wannan tazara cikin awa guda. Jirgin ruwa kuwa da yamma yake tashi, ya kwana yana tafiya, sai da safe ya isa Lerwick, babban garin Shetland, awa 12 zuwa 14 ke nan. Mutanen tsibiran duka kimanin 23,000 ne, amma kullum jirgi na sauka musu, har gwamnati na rage wa mazauna rabin kuɗin tikiti. Babbar hanyar mota ma ta ratsa titin jirgin, idan zai sauka sai a sauke shinge motoci su jira.

Abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne ranar da hazo ya rufe Sumburgh. Mun iso, muka yi ta shawagi. Sai matuƙin ya yi magana: ba ya ganin titi, man da ya rage zai ba shi damar jira na ɗan lokaci, idan bai washe ba za mu koma. Bai washe ba, muka koma. Kafin mu ɗauki jakunkuna saƙo ya shigo wayoyinmu, wata ma'aikaciya kuma na tsaye tana tambayar kowa: jirgin safe kake so, ko a mayar maka da kuɗinka? Aka ba mu abinci da masauki, domin dokarsu ta wajabta hakan ko da laifin na yanayi ne. Babu wanda ya ɗaga murya. Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Mu ma ai hazon hunturu na hana jirage tashi a gida, wannan ikon Allah ne. Abin da ba ikon Allah ba shi ne a bar tsoho da mai goyo a kan benci tun hantsi har isha'i, babu mai ce musu uffan, sai wanda ya san wani a ciki ne zai ji gaskiya. Mu fasinjoji kuma mun saba, mu ce a yi haƙuri, gobe mu sake sayen tikiti.

Kada ku ɗauka komai daɗi ne. Baƙo irina ba ya samun ragin nan, tikitin awa gudan kan fi na zuwa Sifen tsada. Ka sauka kuma da sauran tafiyar kilomita 40 a mota kafin Lerwick, ga iska mai ratsa ƙashi, ga shi babu ko mutum ɗaya a bakin ƙofa da zai ce maka sannu da zuwa, yaya hanya.